Sauke injin tsohuwar mota mai esi: a ɗaure kwamfireso gefe, a zuƙe gas, ko a fid da esin gaba ɗaya?

Mai riƙe da Peugeot 504 ko 505, ko Mercedes 200 da 230E masu tsohon jiki, ya san wata rana sai an sauke injin. Ko dai ya fara fitar da shuɗin hayaƙi yana shanye baƙin mai, ko metal, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa, ya fara ƙara, ko ya buga gaba ɗaya a hanyar Jega. In motar ba ta da esi, aikin sananne ne ga kowane bakanike: a cire batir, a zubar da ruwa da mai, a kwance lagireto da salansa da wayoyi, a rataya inji a sarƙa a ɗaga. In tana da esi kuwa, akwai abu guda da ke ɗaure a jikin inji alhali ba na inji ba ne, wato kwamfireso, kuma tiyo biyu masu cike da gas sun haɗa shi da jikin mota. Injin zai fita, jikin mota zai zauna, shi kuwa kwamfireso yana tsakani. Yadda aka yi da shi a wannan ranar shi ke nuna ko za ka sha sanyi a bazara mai zuwa ko za ka sauke gilashi.

Esin mota zagaye ne rufaffe. Kwamfireso na matsa gas ya tura shi kwandensa da ke gaban lagireto, can ya huce ya zama ruwa, ya bi ta diraya mai tsotse danshi, ya wuce ta ƙaramin bawul ya fesu cikin tukunyar sanyi da ke bayan dashbod, sannan ya dawo. Man da ke shafa wa kwamfireso yana yawo tare da gas ɗin. Muddin ba a buɗe zagayen ba, iska da danshi da ƙura ba su da ƙofa. Ko da inji a kashe yake, a zafin Birnin Kebbi na watan Afrilu matsin da ke cikin tiyon nan ya haura 100 a kan ma'aunin da ake auna iskar taya da shi, ninki uku na abin da ke cikin tayarka har da ɗori.

Abin da za ka sani kafin a taɓa sufana

Na farko, esin yana sanyi yanzu? In injin yana tashi, kunna shi ka bar shi minti goma, ka ji kulocin kwamfireso na kamawa, ka sa hannu a bakin iska. In injin ya riga ya buga, mai gyaran esi zai iya sa agogonsa na auna matsi ya ga ko akwai matsi. Sai dai agogon da aka sa inji na kashe ba ya faɗin yawan gas, yana dai nuna akwai saura. Ka duba mahaɗan tiyo da gaban kwamfireso: duk inda ka ga maiƙo ya kama ƙura, wurin na yoyo.

Na biyu, wane gas ne a ciki? Motocin da aka ƙera kafin farkon shekarun 1990 da R12 suka fito. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ce ta yanke masa hukunci saboda ɓarnar da yake wa rufin ozon, kuma ƙasashe masu tasowa irin Najeriya wa'adinsu na daina shigo da shi ya cika a farkon 2010. R134a ne ya gaje shi. Amma kada ka yanke hukunci da shekarar mota kaɗai. Kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara haɗa Peugeot a 1975, ya ci gaba da fito da 504 shekaru da yawa bayan Faransa ta daina, ga kuma motocin da wani ya riga ya canza musu gas tun tuni. Dubi bakin da ake ɗura gas: na R12 mai zare ne kamar bawul ɗin taya, na R134a kuwa ya fi kauri, ana danna masa kai ne ya kama.

Na uku, kwana nawa injin zai yi a ƙasa? Wanda ya riga ya sayo inji ɗan Kwatano za a ɗora cikin kwana biyu, lissafinsa dabam yake da na wanda za a kai wa karanshaf wurin yanka, a jira ringi da metal daga Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Aikin da aka ce mako biyu ne, kowa ya san yadda yake zama wata uku.

Da waɗannan amsoshi a hannu, ma'aunin da za mu auna kowace hanya da shi huɗu ne: kuɗin da za ta ci yau da wanda za ta ci daga baya, ƙarkon esin bayan an mayar da inji, sauƙin aikin a garejin da muke da shi a zahiri, da haɗari ga mutum da ga mota.

Hanya ta ɗaya: a kwance kwamfireso daga inji, a bar tiyonsa a haɗe

Nan ba a buɗe zagayen gas ko kaɗan. A sassauta fambel ɗinsa a cire, a zare wayar kuloci, a kwance notikan da suka riƙe shi a mazauninsa, a janye shi gefe da tiyonsa a jiki, a ɗaure shi da waya mai ƙarfi a jikin mota. Lagireto zai fita, kwandensa ya zauna a wurinsa.

Kuɗinta kusan babu, sai ɗan ƙarin lokacin bakanike. Ta fuskar ƙarko kuma babu wadda ta kai ta, domin esin da ya shekara talatin yana riƙe da gas bai yi yoyo ba, zaman da robobinsa suka yi a mahaɗarsu ne ya riƙe shi, kuma da zarar an motsa su ba lalle su koma yadda suke ba. In R12 na asali ne a ciki, wannan ce kaɗai hanyar da za ka tsira da shi ba tare da wahala ba.

Wahalarta wuri ne. Injin 504 a kishingiɗe yake gefe guda, kuma yawancin esin da ke cikinta tiyon roba ne dogaye, saboda haka sau da yawa akwai sararin da za a kawar da kwamfireso. A wasu Mercedes kuwa akwai bututun ƙarfe da aka ɗaure a jikin injin kansa, ko tiyon da ya ratsa ta samansa. Irin wannan sai an bi shi ɗaya bayan ɗaya an kwance maɗaurin, kuma wani lokaci ko an kwance, inji ba zai wuce ba. Kafin a yanke shawara, a buɗe bonet a bi kowane tiyo da ido daga kwamfireso har inda ya shige.

Haɗarin da ke cikinta uku ne, kuma duka na sakaci ne. Kwamfireso nauyi gare shi, musamman York mai siffar akwati da aka sa wa motoci da yawa a shekarun 1970. In aka bar shi yana lilo a kan tiyonsa, tsohuwar roba za ta tsage daga ciki inda ido ba ya gani, sai bayan wata guda ka ga sanyi ya tafi. Shi York ɗin kuma yana da tafkin mai a gindinsa, don haka a ɗaure shi yadda yake zaune a inji, kada a kifa shi. Na uku shi ne kwandensa: da an cire lagireto ya zama tsirara, fulin gaban inji na lilo a sarƙa zai iya huda shi. Guntun katako mai faɗi, ko kwali mai kauri ninki biyu, a jingina masa kafin a fara ɗagawa. Yaran gareji ba mugunta ce da su ba, amma in ba a gaya musu ba, kwamfireson da aka ɗaure gefe zai zama wurin dafawa.

Akwai wata dabara ga masu York. Wasu suna zuwa da bawul biyu a kansu masu sanda a ƙarƙashin murfi. In inji na kashe aka murɗa sandunan ciki har ƙarshe, gas ya kulle a cikin tiyo, sai a cire kwamfireson baki ɗaya, abin da zai fita ɗan kaɗan ne na cikinsa. Bayan an mayar, sai a zuƙe iskar da ta shiga cikinsa, a buɗe bawulolin. Wanda ya manta, ya kunna esi alhali bawul ɗin fita na rufe, ya kashe kwamfiresonsa nan take. Ba kowane York ke da su ba, kuma Sanden mai siffar gwangwani yawanci ba shi da su.

Hanya ta biyu: a zuƙe gas da na'ura, a kwance, a toshe, a sake ɗurawa

Wannan ita ce hanyar ƙa'ida in dole sai an buɗe. Mai gyaran esi ya zuƙe gas zuwa tukunya, a kwance tiyo, a toshe kowane baki nan take. Bayan an mayar da inji a sa sababbin zobban roba a mahaɗai, a sa sabon diraya, a auna man kwamfireso, a zuƙe iskar ciki da famfo na aƙalla rabin sa'a, a rufe a ga ko allurar agogon za ta motsa, sannan a ɗura gas.

Ita ta fi tsada a yau: ladan mai esi sau biyu, diraya, zobba, mai, da gas wanda farashinsa ke bin dala. In kuma daga R12 za a koma R134a, akwai ƙari. Man R12 ba ya gauraya da R134a, gas ɗin ba zai ɗauke shi ya zagaya da shi ba, kwamfireso zai bushe. Dole a zubar da tsohon mai gwargwadon iko, a wanke kwandensa da tiyo, a sa man da ya dace, ko PAG ko esta. Esta ya fi haƙuri da ragowar tsohon mai, shi ya sa ake fifita shi a motar da aka canza. Gas ɗin ma ba a cika shi yadda ake cika R12, wajen kashi 80 zuwa 85 cikin ɗari na tsohon awo ake sawa. Wanda ya ɗura har sai kumfa ta ɓace a ɗan gilashin diraya, kamar yadda aka saba da R12, ya cika shi fiye da kima.

Gaskiyar da masu gyara ba su cika faɗa ba ita ce tsohon kwandensa da R134a ba ya sanyi kamar da, musamman in mota na tsaye a cunkoso da rana tsaka. A inda zafi ke wuce digiri 40 a Afrilu da Mayu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Maganinsa kwandensa na zamani mai siraran hanyoyi da yawa, da fankar lantarki a gabansa. Tunda lagireto na waje, babu lokacin da ya fi wannan sauƙin sa su.

In an yi ta daidai, ƙarkonta shekaru ne, domin an sabunta duk abin da ke gajiya. In an yi ta rabi da rabi, ita ce mafi asara. Wurin da aka fi faɗuwa shi ne toshe baki. Diraya buɗaɗɗe na cika da danshi cikin ɗan lokaci, man PAG ma yana tsotsar ruwa daga iska. Danshin da ya shiga yana daskarewa a bawul ya toshe shi, sai ka ga esi na sanyi minti ashirin ya ɗauke, ya dawo, ya ɗauke. In ya haɗu da gas kuma yana zama asid mai cin ƙarfe daga ciki. Da damina danshi ne abokin gaba, da hunturu ƙura, a kowane lokaci kuma zanzaro na neman rami irin bakin tiyo ya yi gini. Tsumma ba ta toshewa. Murfin roba, ko leda mai kauri ninki biyu da aka ɗaure da robar taya, shi ne abin yi.

Sauƙinta ya danganta da wanda ka samu. Ba kowane mai allon "gyaran esi" ke da na'urar zuƙe gas ba, wasu ma famfon zuƙe iska ba su da shi, sai su hura ɗan gas ta wani baki ya fita ta wani su ce sun kori iska. Wannan ba ya fid da danshi. Ka tambaya a nuna maka famfon. In babu a kusa kuma injin na iya tafiya, a je a zuƙe gas ɗin tun kafin a sauke shi, ko da Sakkwato za a kai motar.

Hanya ta uku: a sassauta noti gas ya fita

Ita aka fi yi. Bakanike zai ce, "Alhaji, a sake shi kawai, in mun gama a ɗura wani." Ba ta cin ko sisi a ranar, kuma minti biyar ta gama. Ban ba kowa shawararta ba.

Gas ɗin nan yana tafasa ne a wajen digiri 26 zuwa 30 ƙasa da sifili. In ruwansa ya fesu a hannu yana ƙona fata da sanyi, in ya sami ido yana iya makantarwa. Ya fi iska nauyi, yana taruwa a ramin gareji inda yaro ke kwance ƙarƙashin mota. R12 in ya haɗu da harshen wuta yana zama hayaƙi mai guba, kuma garejinmu da wuya ka rasa mai walda a gefe. Mai yana fita tare da gas ɗin ba tare da an san yawan da ya fita ba, daga baya a ɗura gas a kan kwamfireson da ya ƙaranta mai. Sannan wanda ya saki gas ta haka, yawanci shi ne wanda zai bar tiyo a buɗe. Duk kuɗin hanya ta biyu sai ka biya su daga baya, ƙari da yiwuwar sabon kwamfireso. In R12 ne ka bari ya fita, ya tafi ke nan. Gwangwanin da za a nuna maka a kasuwa an rubuta R12 a jiki, babu mai tabbatar maka abin da ke ciki, kuma kada ka yarda a sa maka gas ɗin firiji R600a mai kamawa da wuta, ko R22 na esin ɗaki wanda matsinsa ya fi ƙarfin tiyon mota.

Hanya ta huɗu: a fid da esin gaba ɗaya

In esin ya shekara goma a mace, babu gas, kwamfireso ya kafe, wahalar kewaye shi ba ta da amfani. A cire kwamfireso da mazauninsa, da kwandensa da diraya da tiyo, a toshe bakin tukunyar sanyi a bar ta a dashbod. Aikin inji zai yi sauƙi, lagireto zai sami iska kai tsaye, injin da aka yi wa sabon ringi ya huta da jan kaya. A yawancin tsofaffin motoci kwamfireso na da fambel nasa shi kaɗai, amma a duba, in yana raba bel da wani abu sai an nemo gajere. Asarar ita ce darajar motar a wurin mai saye, da kuma bazara. Mazaunin kwamfireso da fulinsa da notikansa a adana su a kwali guda, su ne abin da ya fi wuyar samu ranar da aka so mayarwa.

| Hanya | Kuɗi | Ƙarko | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Ɗaure kwamfireso gefe | Kusan babu | Kamar yadda yake, in ba a ja tiyo ba | Sai da sarari da haƙuri | Tsagewar tiyo, huda kwandensa |
| Zuƙewa da sake ɗurawa | Mafi tsada yau | Shekaru, in an yi daidai | Sai ƙwararre mai kayan aiki | Danshi, man da bai dace ba |
| Sakin gas | Babu yau, da yawa gobe | Mafi rauni | Minti biyar | Ido, fata, guba, kwamfireso |
| Fid da esi | Kaɗan | Babu abin lalacewa | Mafi sauƙi | Darajar mota ta ragu |

Wace ce taka?

In esinka na sanyi, babu maiƙo a mahaɗai, tiyon kuma na lanƙwasa ba tare da tsagewa ba, hanya ta ɗaya ce taka, ko R12 ne ko R134a, ko injin zai yi kwana biyu a ƙasa ko wata uku. Ka tsaya da kanka a wurin lokacin da za a ɗaga injin da lokacin da za a mayar, ka ga an sa katakon nan. In motar za ta daɗe a fili, a rufe bonet kada rana ta ci robobin.

In yana sanyi amma duk shekara sai ka ƙara gas, to yana yoyo, kuma kiyaye gas ɗin da zai tsere da kansa ba riba ba ce. Ɗauki hanya ta biyu, ka yi amfani da wannan dama a canza tiyo da kwandensa, in York ɗin ya gaji a sa Sanden wanda ya fi sauƙin samu kuma bai kai shi girgiza ba, sai dai za a ƙera masa mazauni kuma fulinsa ya yi layi ɗaya da na inji. Haka ma wanda bututun esinsa ya tare hanyar fitar inji, ba shi da zaɓi sai wannan.

Mai motar da ake fitowa da ita ranar biki ko ranar hawa, wanda ke son komai na asali, ya yi iya ƙoƙarinsa a kan hanya ta ɗaya, in York ɗinsa na da bawul masu sanda ya yi amfani da su.

In kuɗin duk ya tafi a inji, esin kuma da ma a mace yake, ko motar ta haya ce tsakanin Birnin Kebbi da Argungu da Kamba inda fasinja ba ya biyan kuɗin sanyi, a fid da shi a adana kayan. Wanda ke da niyyar gyarawa bayan kaka, kada ya sayi diraya yanzu. Ya toshe bakin komai, ya bar sayensa sai ranar da za a zuƙe iska a ɗura gas, a fasa ledarsa a gaban idonsa.